Bidiyon Kwalabe Biyu

Lokuwa, Mubi
6 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga mahaifina ƙaunatacce, Baba Jatau,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi a cikin sunan Ubangijinmu. Ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Mama da duk mutanen gida a Betso. Yaya kuke fama da zafin nan? Kumburin ƙafar Mama ya sauka kuwa? Ni dai lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Levi mai mota ya gaya mini ranka ya ɓaci, wai na kira wayar Mama mun yi ta hira, kai kuma kana zaune kana kallon bakinta. Ka yi haƙuri, Baba. Tun da kunnen nan ya daina ɗaukar magana a waya, zan riƙa rubuto maka da hannuna, Levi ya miƙa maka duk ranar da ya kai kaya.

Na ji ka tambayi Mama wane irin aiki ne 'yarka take yi da ba ofis ba oga. To, makaranta zan buɗe, amma a cikin waya. Na shirya darussa a kan feshin gona: yadda ake haɗa maganin ciyawa da ruwa, abin da mutum zai saka a jiki kafin ya goya famfon feshi, da yadda ake gane jabun magani tun a shago. Na ɗauki kowane darasi a bidiyo da Hausa. Manomi zai yi rajista, darasin ya shigo wayarsa, ya kalla a gindin bishiya duk lokacin da ya ga dama. Ba ka manta masararka ta bara ba, yadda ka fesa magani har sau biyu ciyawa ta tsaya tana kallonka, a ƙarshe kai da Mama kuka koma fartanya. Tun daga ranar abin yake cina.

Ba ni kaɗai nake aikin ba. Akwai wani mai gyaran waya a Sabon Layi, sunansa Munzali. Kakansa ne ya zo daga Gusau da sana'ar fata, shi kuwa a nan aka haife shi, Fulatancinsa ma ya fi nawa. Shi yake riƙe kyamara, shi yake yanka bidiyon ya haɗa. Matarsa Ummusalma tana kawo mana kunun aya mai sanyi idan aiki ya yi tsawo, kuma ƙaramar 'yarsu Sadiya ta saba da ni har tana barci a cinyata.

Mun sa ranar buɗewa Asabar ta biyu a watan Mayu, kafin damina ta zauna. Wahalar ita ce a sa mutane su san da abin. Akwai wurare a cikin waya, Fesbuk da Tiktok da Watsap, kamar kasuwa suke, kowa yana tallan hajarsa. Na yi ta saka bidiyo ina bayani, Baba, ba mai tsayawa. Wanda ya tsaya ma, tambayarsa ko ina da aure. Wani ya rubuta wai in yi rawa tukuna sannan ya saurare ni. Ran nan har kuka na yi don haushi. Munzali ya yi ta dariya, sannan ya ce, "Malama, manomi ya gaji da jin bayani. Ki nuna masa ya gani da idonsa."

Shi ne muka sayi maganin ciyawa kwalba biyu, iri ɗaya, suna ɗaya, daga shaguna daban. Muka tafi Sahuda, bakin mayo, wato rafi, inda masu lambu suke ban ruwa, ciyawa tana nan kore shar. Na fesa ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Da muka koma bayan kwanaki, ciyawar dama ta ƙone ƙurmus, ta hagu kuwa har tsawo ta ƙara. Na riƙe kwalaben biyu gaban kyamara na nuna bambancin murfi da rubutu, na ce wanda yake son sauran bayani ya yi rajista. Ban kama sunan kowa ba. Gobe za mu saki bidiyon. Ka sa mu a addu'a.

Ka gaida Mama sosai. Na ba Levi man shafawa na ƙafarta.

'Yarka mai ƙaunarka,
Winifred


Lokuwa, Mubi
20 ga Afrilu, 2024

Baba ƙaunatacce,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Mama. Na sami amsarka da gyaɗar da kuka aiko, na gode. Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba, kuma gara ka ji labarin daga hannuna kafin wani ya kai maka shi a karkace.

Bidiyon ya tafi fiye da yadda muka zata. Kwana bai zagayo ba sai da ya kai Michika, ya kai Maiha, har daga Kamaru aka rubuto mini. Wayata ta yi zafi don saƙonni. Manoma suna turo hoton gonakinsu da suka lalace, suna cewa ashe ba su ne suka kasa awo ba, ashe cutarsu aka yi. Rajista ta fara shigowa. Ni da Munzali muka yi ta murna kamar yara.

Abin da ba mu lura da shi ba, a wurin da nake fito da kwalbar jabun, ledar da aka sako mini ita ta fito a gefen hoto, da sunan shago a jiki. Ƙiftawar ido ce kawai. Amma wani ya tsayar da bidiyon daidai wurin, ya zagaye sunan da jan layi, ya watsa a Watsap. Shagon wani ne mai suna Clinton, babban dilan maganin gona a bakin kasuwa. Ni ban ma san shi da fuska ba.

Ranar kasuwa da hantsi ina cikin keke napep zan je sayen batir, sai na ga hanya ta cushe. Manoma ne, Baba, irinka, wasu ma sa'anninka, da sanduna da ƙotar fartanya, kowa riƙe da tsohuwar kwalba. Suka tsaya ƙofar shagon suna kiran Clinton ya fito. Shi ba ya nan. Wanda yake ciki mai tsaron shago ne, wani siririn mutum mai suna Abdullateef, wanda ya sayar mini da kwalbar har ya yi mini barka da rana. Ya fito yana ɗaga hannu yana rantsuwa shi ɗan aiki ne, abin da aka jera masa yake sayarwa. Ba wanda ya saurare shi. Wani ya jefe shi da kwalba a fuska ya faɗi, sai suka rufe shi da duka. Ina jin ƙarar sanda a jikin mutum, irin ƙarar da ake ji idan ana bugun dawa. Suka fasa kanta, suka zubar da jarkoki, magani ya malale kan titi yana wari har idanu suna ruwa. Wasu suna ta ɗaukar abin a waya.

Na sauka na kutsa ina ihu cewa ni ce mai bidiyon, su bari, ba haka na ce a yi ba. Ka san abin da ya faru? Da suka gane ni sai suka fara yi mini tafi. Wani tsoho ya kama hannuna yana sa mini albarka, ga jini a hannun rigarsa. Sai da 'yan sanda suka harba hayaƙi sannan aka watse. Aka ɗauki Abdullateef ba ya motsi, fuskarsa ba ta ganuwa.

Na je asibiti washegari. Yana da rai, an naɗe masa kai, likita ya ce ba su da tabbas a kan idonsa na hagu. Matarsa tana zaune a ƙasa da jariri. Da aka gaya mata ko ni wace ce, ba ta zage ni ba, juya mini baya kawai ta yi. Na ajiye lemun da na kawo na fita.

Mun cire bidiyon daga shafinmu, amma cirewar banza ce, yana cikin wayar kowa. Na yi wani sabo ina roƙon mutane kada su taɓa kowa, wanda aka cuta ya kai ƙara wurin hukuma. Wannan kuwa ba a kalle shi sosai ba.

Na ce wa Munzali mu dakatar da komai. Ya ce idan muka bari, jabun zai koma kanta kafin ruwan farko, kuma idon Abdullateef ba zai dawo ba don mun yi shiru. Ban san ko gaskiyarsa ba ne, Baba. Ni dai na kasa cin abinci. Ka rubuto mini abin da kake gani.

A gaida Mama. Kada ka gaya mata duka.

'Yarka,
Winifred


Lokuwa, Mubi
4 ga Mayu, 2024

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ruwan da aka yi shekaranjiya ya kai wajenku. Levi yana sauri, don haka ba zan tsawaita ba.

Na karanta takardarka har na kusa haddace ta. Ka ce in tattara kayana in dawo gida har ƙura ta lafa. Na san ƙauna ce ta sa, kuma ban taɓa ƙin maganarka ba, amma ina roƙon ka ƙara mini mako guda. Asabar mai zuwa ce ranar buɗewa. Mutane sun yi rajista suna jira, wasu ma sun ce ba za su sayi magani ba sai sun ga darasin. Da na buɗe, ran Lahadi bayan sujada zan shigo motar Levi.

Ba zan ɓoye maka ba, ana yi mini barazana. Lambobin da ban sani ba suna kira, idan na ɗauka sai numfashi kawai. An turo mini hoton ƙofar ɗakina. An turo hoton adda a kan tebur. A ƙarƙashin tallan darasin wasu suna rubuta cewa na ci hanci daga wani kamfani don in kashe kasuwar mutane. Hukuma ta rufe shagon Clinton ta kwashe kaya, an ce ya yi rantsuwa a gaban jama'a sai na gane kurena. Na kai rahoto wurin 'yan sanda, sun rubuta, sun ce in riƙa kula. Fasto ya sa na koma kwana gidan wata 'yar zumuntar matan coci a Shuwa, kuma ba na fita ni kaɗai.

Ummusalma ta same ni a asirce ta ce tsoro take ji, mijinta ba ya jin magana idan ya sa abu a gaba. Na yi mata alkawari saura abu ɗaya tak: ran Juma'a da yamma za mu yi hira kai tsaye a Fesbuk daga shagonsa, mutane su yi tambaya in amsa, shi ne tallanmu na ƙarshe. Shagon a bakin titi yake, ga teloli ga masu walda, ido na ganin ido ba mai iya yin komai.

Ka kwantar da hankalinka. Allah yana tare da mu.

'Yarka mai biyayya,
Winifred


Asibiti, Mubi
12 ga Mayu, 2024

Babana,

Ina gaishe ka. Kafin komai, ina da rai, kuma da hannuna nake rubuta wannan, ka duba rubutun za ka gane. Na san labari ya riga ya isa Betso, an ce mini Mama ta faɗi da ta ji. Ka riƙe ta. Hannun hagu ne ya karye an sa filasta, sai ɗinki a bayan kai. Kada ku taso, hanya ta ɓaci da ruwa, kuma matan coci ba su bar ni ni kaɗai ba.

Zan gaya maka yadda abin ya faru, don na san idan ban faɗa ba za ka yi ta saƙa wanda ya fi shi muni.

Bayan la'asar muka fara hirar. Munzali ya kafa wayar a kan sandar da ke riƙe ta, ni ina zaune a kan benci, kwalabe da safar hannu a gabana. Mutane sun shigo da yawa. Wani daga Michika yana tambayar ko ana feshi idan hadari ya haɗu, ina cikin ba shi amsa, sai keke napep ya tsaya a ƙofar. Samari huɗu suka sauko. Na ɗauka gyaran waya suka kawo, har na ga na gaba ya zaro gora daga cikin buhu.

Ya afko cikin shagon. Ya doki wayar ta faɗi, ya juyo kaina. Na kare da hannu, na ji ƙashin ya ce ƙas. Wani ya finciki ɗankwalina har da gashi ya buga kaina da bango. Na faɗi tsakanin benci da kanta, gilashi yana zubo mini. Suna ta farfasa komai, wayoyin mutane da kwamfutar Munzali. Ɗaya yana cewa, "Ke ce mai baki ko? Yau sai ki yi bayani." Na ɗaga kai na ga adda a sama.

Baba, Munzali yana kusa da ƙofar baya. Taki ɗaya ya isa ya fitar da shi. Maimakon haka ya tsallake kanta ya faɗo tsakanina da mutumin, da kujerar roba a hannu. Saran farko ya raba kujerar. Na biyu ya same shi tsakanin wuya da kafaɗa. Ya durƙusa a kaina, na ji jininsa da ɗumi yana bin wuyana. Duk da haka ya riƙe ƙafar mai addar da hannu biyu bai sake ba, suna ta dukansa a baya.

Ashe wayar da ta faɗi ba ta mutu ba. Silin kawai take nunawa, amma duk wanda yake kallo yana jin komai. Cikin masu kallon akwai telolin layin. Su suka fara fitowa da almakashi da dutsen guga, masu walda suka biyo da ƙarafa. Uku suka tsere a keken. Mai addar ya rage, don Munzali bai sake shi ba.

Suka ja shi tsakiyar titi. Abin da na gani a bakin kasuwa shi na sake gani, har ya fi. Suka yi ta dukansa har ya daina kare kansa. Wani ya mirgino taya aka rataya masa, wani yana kiran a kawo fetur. Yaro ne ashe, gemu bai gama fito masa ba, yana kuka yana kiran uwarsa. Zan gaya maka gaskiya, Baba, don kai ka koya mini ita: ban ce su bari ba. A wannan lokacin so nake ya ƙone. 'Yan banga ne suka iso suka ƙwace shi da ƙyar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk layin ya tafi wurin dukan, aka bar Munzali a ƙasa. Ni da wata tsohuwa mai sayar da ƙosai muka danne raunin da zanenta. Ina ihu a kawo mota, ba mai jina saboda hayaniya. Idonsa a buɗe, yana salati a hankali. Ya ce mini, "Malama, kada Ummu ta gani a waya. Ki aika a gaya mata." Bai san tana gida tana kallon hirar tun farko ba. Ta iso a guje ba takalmi, da Sadiya a baya, kafin ma a sami keken da zai ɗauke shi.

An yi masa aiki, an ƙara masa jini. Masu walda da matasan cocinmu sun yi layi suna bayarwa. Likita ya ce wata jijiya ta yanke, sai an kai shi Yola. Jiya da safe motar asibiti ta tafi da shi, Ummusalma da yayansa suna ciki. Jiyan ce ranar da muka sa za mu buɗe makarantar. Ban ko tuna ba sai da wata nas ta tambaye ni.

Ka tara dattawan coci ku yi masa addu'a da sunansa. Munzali. Ka ce musu shi ne ya sa kake da 'ya yau.

Hannuna ya gaji. Ka rungume mini Mama.

'Yarka,
Winifred


Shuwa, Mubi
9 ga Yuni, 2024

Mahaifina ƙaunatacce,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Mama. Ina fatan kun gama shuka lafiya. Ka gafarce ni da na daɗe ban rubuto ba. Na sha ɗaukar biro in ajiye. Zuwan da Mama ta yi ta kwana biyu da ni ya taimake ni ƙwarai, kuma na san ta gaya maka babban labarin. Amma ina so ka ji shi daga wurina.

Munzali ya rasu a Yola, ran Talata da ta biyo bayan abin. An dawo da shi aka yi jana'izarsa a ranar. Mu mata muka zauna a cikin gida, muna jin takun maza suna fita da shi. Levi ya ce bai taɓa ganin taro irin wannan a Sabon Layi ba. Fastonmu da dattawa sun bi har maƙabarta suka tsaya a gefe.

Yaron da aka kama ya faɗi sunan wanda ya aike su. An kama Clinton a hanyar Kamaru, an kama biyu daga cikin sauran, maganar tana kotu, za a kira ni shaida. Na ɗauka zan ji sanyi a raina, ban ji komai ba. Abdullateef ya fita asibiti, idon bai tsira ba. Ya zo ta'aziyya da bandeji a fuska. Muka haɗu a zaure, ya ce mini sannu da hannu, na ce masa sannu da ido, daga nan kowa ya wuce.

Wani abu kuma, Baba, da yake damuna. Tun ranar da aka sare shi, rajista take shigowa kamar ruwan sama. Duk tallan da muka yi ta wahala a kansa bai kawo rabin abin da wannan hirar ta kawo ba. Mutane suna tura wa juna hoton silin ɗin nan da ihuna da salatinsa. Wani mai harkar talla ya kira ni daga Abuja, ya yi ta'aziyya a gurguje, sannan ya ce kada in bari damar nan ta wuce, a yanko wurin harin a sa a gaban tallan darasin. Na kashe wayar. Na goge hirar daga shafina, na roƙi duk mai ita ya goge. Na ƙudura a raina makarantar ta mutu, ba zan buɗe abin da aka yi wa talla da jinin mutum ba.

Da wannan niyyar na je wurin Ummusalma in gaya mata. Na daɗe ina jin tsoron zama da ita mu biyu, don ni na yi mata alkawarin ba abin da zai faru. Na same ta a ɗaki tana takaba, ta rame, Sadiya tana wasa da murfin kwano a gefenta. Na durƙusa na fara ba ta haƙuri. Ta ce in tashi, kwanansa ne ya ƙare, kuma ta san halin mijinta, ko baƙuwa ce a shagon abin da zai yi ke nan. Da na ce zan rufe makarantar, ta kalle ni ta ce, "Anti Wini, wata uku ba ya cin abincin dare da mu saboda aikin nan. Ki rufe, ki ce ya yi na banza?"

Sannan ta roƙe ni abu ɗaya. Ta ce a darussan ba a ganinsa, ba a jinsa, ni kaɗai ce a ciki. Amma ya taɓa gaya mata idan yana haɗa bidiyo yakan yanke wuraren da muryarsa ta shiga ya ajiye gefe. Ta ce ko suna nan. Ba ta da muryarsa a ko'ina sai a waccan hirar, kuma ba ta so Sadiya ta girma ta san muryar ubanta a nan.

Kwamfutarsa ta farfashe, amma katin kyamarar yana jakata. Na zauna da hannu ɗaya na bi bidiyoyin duka daga farko. Yana nan, Baba, a farkon kowane ɗauka da ƙarshensa. Yana cewa, "Malama, gyara ɗankwali, to, bismillah." Yana korar akuya daga gaban kyamara. Yana dariya don na manta sunan ciyawa. A wani wuri ya manta kyamara tana kunne, yana waya da Ummusalma yana tambayar me aka dafa. Na tattara su duka, na roƙi wani abokin sana'arsa ya haɗa mini su wuri ɗaya.

Shekaranjiya na kai mata su a waya. Ta karɓi wayar ta kunna. Da muryar ta fito, Sadiya ta saki abin da take riƙe da shi, ta tashi ta nufi ƙofa ta ɗaga labule tana leƙen tsakar gida. Ummusalma ta jawo ta ta ɗora a cinya, ta kara mata wayar a kunne. Na fita na bar su.

Jiya Asabar na buɗe makarantar. Ban yi talla ba, ban yi hira ba, saƙo kawai na tura wa waɗanda suka yi rajista cewa darasin farko ya fito. Rabon kuɗin makarantar da muka yi da Munzali tun farko yana nan, nasa na iyalinsa ne muddin makarantar tana tafiya, na sa yayansa da Fasto sun zama shaida.

Ran Alhamis za a cire mini filasta. Ran Juma'a zan shigo motar Levi. Ka ce wa Mama kada ta yi wani girki, kuma don Allah kada a tara mini mutane. So nake in zauna kusa da kai a ƙofar gida, ko ba mu ce komai ba.

Ubangiji ya tsare ku har mu sadu.

'Yarka mai ƙaunarka kullum,
Winifred